Jawabin Babban Baƙo a Walimar 'Ya'yan Kajuru da Suka Kammala Karatun Harhaɗa Magunguna

Limamai da fastoci, iyaye mata da suka sayar da citta da masara don a biya kuɗin makaranta, da yaranmu da aka taru dominsu, sannunku da zuwa.

Ƙaramar hukumar da ke da gari sukutum mai suna Kasuwan Magani bai kamata ta yi ƙarancin masana magani ba, amma haka abin yake. Daga Kufana zuwa Maro, wanda ya kwana da zazzaɓi yakan fara zuwa kemis ne, ko ya tari mai tallan ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, maganin da rana ta gasa tun safe. Ba a ga laifinsa ba, asibiti da nisa, aljihu kuma babu nauyi. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Irin wannan kaya ba a manyan shagunan Kaduna yake ƙarewa ba, ƙauye ake turo shi.

Tarihi ya riga ya nuna wa Arewa abin da ke faruwa idan magani ya rasa mai tsaronsa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, inda aka sa yara 200 cikin binciken, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A 2008 kuma sai ga My Pikin, maganin fitar haƙorin jarirai da aka gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda. Yara 84 suka mutu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka ga abin da ido. Duka biyun a kan 'ya'yan da ba su da bakin magana suka faɗa.

Shi ya sa bincike ba aikin mutanen Landan da Janeba kaɗai ba ne. Idan aka ba yaro magani a Idon jikinsa ya yi ƙuraje, aka cike takardar rahoto aka aika wa hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, an yi bincike. Idan aka ga maganin zazzaɓi ya daina aiki a wani ƙauye aka rubuta, an yi bincike. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, abin da waɗannan ɗalibai namu suka karanta shi ta karanta, kuma 'yar uwarta da jabun allurar ciwon suga ta kashe ce ta sa ta ƙi karɓar ko sisin masu jabu.

Kada kuma boko ya sa su raina sassaƙe da saiwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke taƙama da shi yau daga tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace shi, har ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari. Bambancin kawai shi ne an auna, an gwada, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Tsofaffin Adara da Fulanin daji sun san itatuwan da ba a taɓa rubutawa ba, kuma tsofaffi ba sa jira.

Akwai abin da kowa a wannan rumfa ya sani ba sai an tona ba. Tun rikicin Kasuwan Magani na Oktoban 2018 da hare-haren da suka biyo baya, iyalai da yawa sun bar gidajensu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar katin asibiti. Mai hawan jini da mai tarin fuka sukan yanke shan magani, mace mai ciki ta haihu inda babu allurar tsayar da jini, wadda ita ma sai an ajiye ta a sanyi take aiki. Cuta ba ta tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci, su ma waɗannan yara ba a koya musu tambaya ba.

Roƙon wannan taro biyu ne. Waɗanda suka kammala, in an tura su Kallah ko Kufana, su je su zauna, kada su nemi hanyar komawa birni tun kafin su kwance jaka. Shi kuma mai girma shugaban ƙaramar hukuma, ranka ya daɗe, a taimaka wa ƙananan asibitocin mazaɓu da firji mai aiki da hasken rana kafin damina ta faɗi hanyoyi su yanke.

Allah ya sa wa karatun nan albarka, ya mai da kowa gida lafiya.