Jawabi kan taron malaman Ingilishi

Iyaye da 'yan'uwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Yau maganarmu kan malaman Ingilishi na kwalejojinmu ne.

Najeriya tana kusa da mu. Can muke sayen taki, maganin ƙwari da maganin dabbobi. Rubutun da ke jikin buhu da kwalba da Ingilishi ne. Wanda bai iya karanta shi ba yana iya zuba magani fiye da ƙima, ya ƙona wakensa. A shekarar 2025, dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Yaranmu suna fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, kuma ana tambayarsu shi a jarrabawar BEPC.

To, a ƙauye sau da yawa malamin Ingilishi ɗaya ne tak. Ba shi da abokin shawara. Saboda haka ya kamata malaman kwalejoji na kusa su riƙa haɗuwa. Tsohon hannu ya nuna wa sabo yadda ake shirya darasi. Su tsara jarrabawa tare.

Amma taro yana cin kuɗi: man babur, abinci, takarda da alli. Kwamitin makaranta, wato COGES, yana iya sa wannan cikin tsarin aikinsa na shekara. Bayan girbi, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta hatsi. A sayar, a rubuta kuɗin cikin littafi, a karanta lissafin gaban kowa. Ku da kuka koyi karatu, ku riƙa duba littafin nan. A kuma kai kuka ga hukumar gari.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani.