Zaman Jamus da Koyon Jamusanci: Hira da 'Yan'uwa Mata

  An ce in zo in yi bayani kan zaman da na yi a Jamus, saboda wasu daga cikin 'ya'yanmu sun fara samun mazajen da ke aiki ko karatu a can, iyaye kuma suna ta tambaya. To, ni dai abin da na gani zan faɗa.

Mu nan Jamusawa ba baƙinmu ba ne ƙwarai. Manya za su tuna aikin bunƙasa kamun kifi na tafkin Kainji, wanda Nijeriya da Jamus suka fara a 1993, hedikwatarsa a New Bussa, Turawa na yawo cikin kwalekwale suna ƙirga taruna da masunta. Ta wannan harka ta kifi maigidana ya tafi karatu birnin Bremen, ya gama, ya samu aiki, sannan ya aiko in bi shi a 2008.

Tun kafin in taka jirgi harshen ya tare ni. Daga watan Agusta na 2007 doka ta ce matar da za ta bi mijinta sai ta nuna tana jin Jamusanci na matakin farko, wanda suke kira A1, kodayake akwai waɗanda ake ɗage wa, kamar matan wasu ƙwararru. Ni ba a ɗage mini ba. Sai da na bi ta Kwantagora da Mokwa da Jebba har Legas, na sauka gidan wata gwaggona, na shiga aji a cibiyar Goethe. Jarrabawar kashi huɗu ce: ji, karatu, rubutu da magana, kuma sai kin ci 60 cikin 100. Na ci. Na dawo Yelwa ina ta gaida mutane da Guten Morgen, ina jin ai na gama.

Ashe ban fara ba. Ranar da na sauka, makwabciyarmu ta leƙo ta ce mini Moin, na tsaya ina kallonta, don ba a koya mana wannan a Legas ba. Gaisuwar mutanen arewacin ƙasar ce, safe da yamma duk ita ce.

Ga abin da ya fi ba ni wahala, kuma ina so mata ku saurara da kyau. Mu mutanen Yauri mun san yadda ake koyon harshe. Bagungiya ta kawo albasa kasuwa, Bakambariya ta kawo dawa, Banufiya ta zo sarin busasshen kifi, kafin shekara ta zagayo kowace tana ciniki da Hausa, har da zagi in ta kama. Kasuwa ce makarantar. To a Jamus kasuwar ba ta magana. Ki shiga kanti, ki ɗauki kwando, kuɗin kowane abu na rubuce, na'ura ta lissafa, ki biya ki fito. Babu taya, babu albarka, babu wanda zai tambaye ki lafiyar yara. Mace za ta iya shekara biyar tana cefane kullum ba ta furta kalma goma ba. Na ga irinsu, wallahi, kuma ba daƙiƙai ba ne.

Ga sanyi kuma. A watan Disamba gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Maigida ya fita da duhu ya dawo da duhu. Ni da na tashi gidan da ba a rufe ƙofa, sai ga ni a hawa na uku ni kaɗai da bango. Ranar Lahadi kantuna a rufe, unguwa tsit. A lokacin na riƙa tuna kakata, wadda aka taso su daga gungu sa'ad da ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968. Takan ce gidan da gwamnati ta gina musu ya fi nasu ƙarfi, amma ta yi wata uku ba ta iya barci cikinsa ba, don ba ta jin motsin ruwa. Ni ma sai in sa rigar sanyi in tafi bakin kogin Weser in zauna, in ce ko banza ya yi kama da Kwara.

Abin da ya cece ni ajin da gwamnati ta kafa wa baƙi tun 2005. Awa 600 na harshe, sai ƙarin darasi kan dokoki da tarihin ƙasar, wanda a lokacina awa 45 ne, daga 2016 ya koma 100. Ni na yi sa'a na samu aji na mata zalla. Akwai Turkawa, da 'yan Rasha, da wata 'yar Siri Lanka da muka zama ƙawaye tun ba mu da harshen da za mu yi hira da shi, sai nuni da dariya.

Harshen kansa yana da nasa rikicin. Mu a Hausa abu namiji ne ko mace, su suna da na uku, ba namiji ba mace: der, die, das. Abin mamaki, kalmar yarinya a wannan na ukun take. Ƙirga kuma a juye suke yinta, 21 sai su ce ɗaya da ashirin. Wuri guda ne na fi 'yan ajinmu saurin ganewa, wato bambancin du da Sie. Malama na ta fama da bayani, ni kuwa na ce ai wannan "ke" da "ku" ne, wa zai ce wa surukarsa "ke"?

Agogo ne ya kā da ni. Ina da ciki wata biyar, aka ba ni lokacin ganin likita ta waya, matar ta ce halb drei. Na ji rabi, na ji uku, na ce uku da rabi ke nan. Ashe a wurinsu saura rabin awa ƙarfe uku ake nufi, wato biyu da rabi. Na isa da jinkirin awa guda, aka ce sai bayan mako uku. Na fito na zauna a tashar jirgin cikin gari na sha kukana. Tun daga ranar, duk wanda ya ba ni lokaci sai in ce ya rubuta mini da lambobi.

Wannan ma da sauƙi. Na san wata baiwar Allah, mutuniyar Afirka ta Yamma, da ɗanta mai shekara tara ke yi mata tafinta a wurin likitan mata. Ku duba fa, 'yan'uwa, ciwon da ko ga miji da ƙyar ake faɗa, sai ta bakin yaro. Sau da yawa takan ɓoye rabin abin da ke damunta don kunya, likita ya rubuta magani kan rabin da ya ji.

Sai maganar takardu, wadda iyaye ba su cika tambaya ba. Matar da ta shiga ƙasar ta hanyar aure, izinin zamanta yana rataye da auren har sai sun yi shekara 3 tare a can, sai dai in an tabbatar da cuta mai tsanani, kamar duka. Wasiƙun hukuma kuma da Jamusanci suke zuwa, galibi da ranar da dole a amsa. In ba ki iya karantawa ba, abin da aka ce miki an rubuta shi ne kawai kika sani. Ba ina zargin mazajenmu ba ne, nawa ya riƙe ni amana, Allah ya saka masa. Amma mutum yakan yi ciwo, yakan yi tafiya, yakan mutu. Izinin zama na dindindin yana bukatar matakin B1, haka ma zama ɗan ƙasa, wanda dokar 2024 ta rage wa'adinsa daga shekara 8 zuwa 5, ta kuma yarda mutum ya riƙe fasfo ɗinsa na gida.

Saboda haka, uwa, in an zo neman 'yarki zuwa Jamus, bayan maganar sadaki da lefe ki tambayi yaron: zai bar ta ta je aji kullum? Wa zai riƙe jariri in ta haihu? Ke kuma amarya, ki fara tun kina gida. Sashen Hausa na Muryar Jamus, da ke watsa shirye-shirye tun 1963, tasharsa tana da darussan Jamusanci kyauta a intanet, wayar hannunki ta isa. Kalmar farko da za ki haddace ita ce Schwein, alade, don ki riƙa duba bayan leda kafin ki saya. Naman halal kuwa yana kantunan Turkawa, kuɓewa ma ana samu. Giwan ruwa irin namu ne dai ban taɓa cin wanda ya kai shi ba.

Mai gabatarwa na yi mini nuni lokaci ya ƙure. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗora kan renon yara a can, da yadda muka yi da azumin da ya haura awa 18.