GIDAUNIYAR GARI: A CI RIBA, A BAR UWA

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai na karkara. An buga shi a nan domin amfanin masu karatu.



Kowane gari yana da abin da yake damunsa. Wani gari famfon burtsatsensa ya lalace tun bara. Wani gari iska ta yaye rufin ajin firamare. Wani kuwa ɗakin shan maganinsa ko fitila babu. Idan aka yi magana, sai a ce ana jiran gwamnati. Idan jira ya yi tsawo, sai a kira taro a ƙofar fada, a yi karo-karo, a gyara. Bayan shekara biyu abin ya sake lalacewa. Kuɗin da aka tara kuwa sun daɗe da ƙarewa. Sai a sake bin mutane gida-gida, har su gaji su fara ɓuya.

Jawabin yau a kan wata dabara ce da ƙananan garuruwa a ƙasar Amurka suke bi domin maganin irin wannan. Sunanta gidauniyar gari. Ma'anarta ita ce mutanen gari su tara dukiya wuri ɗaya, amma ba za a taɓa uwar kuɗin ba. Za a juya ta. Abin da ta haifa kowace shekara shi ake rabawa ga ƙungiyoyi da ayyukan jama'a. Manomi ya san wannan sarai. Kome yunwar bazara, mai hankali ba ya cinye irin shuka.

INDA ABIN YA FARO

A shekarar 1914 aka kafa gidauniyar gari ta farko, a birnin Cleveland da ke Jihar Ohio ta Amurka. Wanda ya kawo shawarar wani lauya ne kuma shugaban banki, sunansa Frederick Goff. Aikinsa ya sa ya ga wasiyyoyin masu kuɗi da yawa. Ya lura cewa mutum yakan bar dukiya ya ce a yi aiki kaza da ita. Bayan shekaru, sai buƙatar wannan aiki ta wuce, dukiya kuma ta zauna a ɗaure, ba mai ikon karkata ta ga wani abin.

Sai Goff ya ce a yi asusu ɗaya na gari duka. Mai yawa ya sa, mai kaɗan ya sa. Banki ya tsare kuɗin ya juya su. Amma rabon riba ya zama a hannun kwamitin mutanen gari, waɗanda suke raye, suna ganin buƙatar zamaninsu. Kwamitin farko mutum 5 ne. Banki ya naɗa 2, magajin gari ya naɗa 1, alƙalai biyu kowa ya naɗa 1. An yi haka ne don kada mutum ɗaya ya riƙe wuƙa da nama. Yau dukiyar wannan gidauniya ta haura dala biliyan 2, kuma akwai irinta fiye da 700 a Amurka.

Dabarar ta ƙetara zuwa ƙasar Kanada. A 1921 wani mai banki, William Alloway, ya buɗe gidauniyar birnin Winnipeg da dala 100,000. Kyauta ta biyu ba ta zo ba sai a 1924. Ambulan ne aka kawo, babu sunan mai shi. A ciki akwai tsabar zinariya guda 3, kowace ta dala 5, wato dala 15 ke nan. Har yanzu mutanen Winnipeg suna ba da labarin wannan ambulan. Dalili kuwa, shi ya nuna cewa asusun ba na attajirai kaɗai ba ne.

YADDA TA ISA ƘANANAN GARURUWA

Cleveland da Winnipeg manyan birane ne. To, ƙauye fa? Amsar tana Jihar Nebraska ta Amurka. Jiha ce ta manoman masara da masu kiwon shanu. Garuruwanta da yawa mutanensu ba su kai dubu ba. Matsalarsu kuwa sananniya ce a wajen duk mutumin karkara. Yara suna gama makaranta su tafi birni. Tsofaffi su rage a gida. Idan tsoho ya rasu, magada suna birni. Sai su sayar da gona da gida, su kwashe kuɗin su tafi da su. Dukiyar da aka tara da gumin garin, sai ta bar garin a rana ɗaya.

A 1994 aka kafa gidauniyar jihar baki ɗaya, wadda ta zama uwa. Kowane ƙaramin gari yana iya buɗe nasa asusun a ƙarƙashinta. Uwar ce take riƙe lissafi, ta juya kuɗi, ta cika takardun hukuma. Amma mutanen gari su ne suke neman gudummawa, su ne kuma suke yanke abin da za a yi da riba. Saboda haka ƙauye ba ya buƙatar ɗaukar akawu ko lauya na kansa.

Roƙon da suke yi wa jama'a ba mai nauyi ba ne. Suna cewa mutum ya bar wa garinsu kashi 5 cikin 100 na abin da ya mallaka idan ya zo rubuta wasiyya. Sauran kashi 95 na magada ne. Haka kuma manomi yana iya ba da hatsi ko dabba maimakon kuɗi. Gidauniya ta sayar, ta zuba a asusu. 'Yan garin da suke zaune a birni su ma ana bin su da wasiƙa, ana tuna musu inda aka yanke cibiyarsu.

Akwai wani gari a can mai suna Shickley. Mutanensa ba su kai 400 ba. Amma da wannan hanya asusunsu ya haura dala miliyan 1. Akwai kuma garin Red Cloud, mai mutane wajen dubu. Su matsalarsu ita ce iyaye masu aiki ba su da inda za su bar ƙananan yara, abin da yake sa matasa ƙin zama a gari. Asusun garin ya shige gaba, aka tara kuɗi, aka buɗe gidan renon yara a 2018.

A Jihar Indiana wata hanya aka bi. A 1990 wata babbar gidauniya mai suna Lilly Endowment ta yi wa jama'a alkawari: duk yankin da ya tara nasa, za ta ƙara masa. Lokacin gidauniyoyin gari a jihar ba su kai 12 ba. Jihar tana da yankuna 92, kamar ƙananan hukumomi. Yau babu yankin da ba shi da gidauniyar da take kula da shi. Mai taimako daga waje ya fi son ya ƙara wa wanda ya riga ya motsa.

YADDA AKE RABON TALLAFI

Ka'ida ta farko ita ce ba a raba abu mai yawa. Galibi kashi 4 ko 5 cikin 100 na dukiyar ake fitarwa a shekara. A ɗauka asusu buhu 100 ne na gero. Buhu 5 kawai za a fitar. Idan riba ta wuce haka, rarar ta koma cikin uwa, don ta ƙara girma, ta kuma tare shekarar da kasuwa ba ta yi kyau ba.

Sau ɗaya ko sau biyu a shekara ake yin shela. Duk ƙungiyar da take son tallafi sai ta cika takarda. Tambayoyin ba su da wuya. Wane aiki za a yi? Su wa za su amfana? Nawa zai ci? Nawa ƙungiya ta tara da kanta? Wa zai kula da abin bayan an gama?

Masu neman tallafin su ne masu riƙe da rayuwar gari. A ƙananan garuruwan Amurka, yawancin 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne, ba a biyansu albashi. Manoma ne da 'yan kasuwa, idan gobara ta tashi su bar aikinsu su ruga. Gidauniya takan saya musu kayan aiki. Takan taimaka a sayi motar ɗaukar marasa lafiya. Takan sayi littattafai don ɗakin karatu na gari. Takan tallafa wa masu kai wa tsofaffi abinci har gida. Takan biya wa ɗalibai kuɗin makaranta. Sau da yawa kuɗin ba su da yawa, cikon abin da ƙungiya ta riga ta tara ne.

'Yan kwamitin rabo ba a biyansu ko kwabo. Idan ɗan kwamiti yana cikin ƙungiyar da ta nemi tallafi, dole ya faɗa, kuma ba ya jefa ƙuri'a a kan wannan takarda. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗi za ta dawo da bayani a rubuce. Ƙarshen shekara kuma gidauniya takan buga rahoto: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga waɗanda aka bai wa.

ABIN BA BAƘO BA NE

Jama'a, kada wani ya ce wannan sai Turawa. A Afirka ma ana yi. A ƙasar Kenya an kafa irin wannan gidauniya a 1997. Tana ƙarfafa ƙungiyoyin karkara su fara tara nasu, sannan ta ƙara musu.

Malamai kuwa sun san tushen abin tun da daɗewa, da sunan wakafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina, ya bar ta kowa ya sha. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake sadaka da shi. Shari'a ta kuma yarda mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Kashi 5 cikin 100 bai ko kusa da sulusi ba.

Ƙasar Hausa tana da gayya, tana da adashi, tana da ƙungiyoyin ci gaban gari. Hannun bayarwa akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ajiyar da ba a taɓawa. An ga amfanin irin wannan ajiya a Nijeriya lokacin shirin raya al'umma na CSDP, wanda gwamnati da Bankin Duniya suka gudanar daga 2009 zuwa 2021. A farkon shirin, ana son gari ya kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, a ba shi sauran. Garin da yake da abu a hannu ba ya shan wahalar cika irin wannan sharaɗi.

INDA AKE TUNTUƁE

Akwai wurare huɗu da ya kamata a kula. Na farko, gaggawa. Shekarun farko ribar ba ta taka kara ta karya ba. Nan ne wasu za su ce a fasa uwar kuɗin a yi aiki ɗaya babba, kowa ya gani. Ranar da aka yi haka, gidauniya ta mutu. Shi ya sa garuruwa da yawa suke raba gudummawa gida biyu: wani kaso don aikin yau, wani kaso don ajiya.

Na biyu, faɗuwar darajar kuɗi. Abin da naira dubu ta saya shekara goma da suka wuce, yau ba za ta saya ba. Asusun da aka bari kwance raguwa yake yi. A karkara, uwar dukiya tana iya zama gona da ake bayarwa haya, ko rumfunan kasuwa, ko injin niƙa, ko garka ta mangwaro. Masu gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi.

Na uku, siyasa da son kai. Idan asusu ya zama na jam'iyya ɗaya, ko gida ɗaya, ko unguwa ɗaya, sauran jama'a za su janye hannu. Kwamiti ya ƙunshi kowane ɓangare, da mata da matasa. Kowa ya yi wa'adinsa ya sauka.

Na huɗu, lissafin baki. Kuɗin jama'a ba a riƙe su da ka. A yi wa ƙungiya rajista. A buɗe asusu a banki da sunan gari, ba da sunan mutum ba. Kada a fitar da kuɗi sai mutum uku sun sa hannu. Kowace gudummawa, ko ta mudu ɗaya ce, a ba da rasit. A karanta lissafi a bainar jama'a, a manna shi a ƙofar fada, don duk wanda ya iya karatu ya duba da idonsa.

A kuma sani, gidauniya ba ta ɗauke wa gwamnati nauyinta. Gina asibiti da biyan malamai haƙƙin hukuma ne, kuma jama'a su ci gaba da nema. Aikin gidauniya shi ne kada famfo ya shekara a lalace saboda ƙaramin ƙarfe, kada mai naƙuda ta rasa motar da za ta kai ta asibiti.

Abin da ake roƙon shugabanni shi ne, idan an koma gida a kira taro kafin kaka. A yanke abin da kowane gida zai iya bayarwa ranar da amfani ya shigo. A zaɓi amintattu. A rubuta doka ɗaya a shafin farko na littafin ƙungiya, cewa uwar dukiya ba ta taɓuwa. Mutanen Winnipeg sun jira shekara 3 kafin kyauta ta biyu ta zo, ba su rufe asusun ba. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.