Tsohuwar Kwamfuta da Ƙarancin Ram



Abin da ya tara mu yau shi ne tsohuwar kwamfutar nan ta tebur wadda yawancinmu muka saya a gwanjo, ko muka tarar a ofis. Kowa ya san halinta: a kunna ta, a je a yi alwala a dawo, ba ta gama farkawa ba. Ga kundin digiri yana jira, ga wasiƙar da maigida yake so kafin a tashi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar na'urar da ram ɗinta bai kai gigabait 4 ba, ban da sauran sharuɗɗa. Saboda haka ake ta ce mana mu sayi sabuwa. Da wane kuɗi? Mu dai a ganinmu, a binciki ciwon tukuna.

Ku ɗauki kwamfuta kamar akawu. Ram shi ne teburinsa, inda yake baza fayilolin da yake aiki a kansu yanzu. Faifan ajiya kuwa shi ne ɗakin ajiyar fayil da ke can ƙarshen baranda. Muddin tebur bai cika ba, aiki yana gudu. Da ya cika, tilas akawu ya kwashe wasu fayiloli ya kai ɗaki, in an bukace su ya koma ya ɗauko, ya kai wasu. Haka Windows take yi idan ram ya ƙare. To, ɗauko abu daga faifan da ke juyawa yakan ɗauki kusan sau 100,000 na lokacin ɗauko shi daga ram. Watau akawun ba rago ba ne, zirga-zirga ce ta cinye masa yini. Alamar ita ce ƙaramar fitilar gaban akwatin ta yi ta haske ba ƙyaftawa, faifai yana ta gurnani, allo kuwa ya daskare.

Kafin a kashe ko kwabo, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito ya nuna wanda ya cinye teburin. Sau da yawa burauza ce, da shafuka ashirin a buɗe, da waɗansu manhajoji masu tashi da kansu duk sa'ad da aka kunna na'ura, ba wanda ya gayyace su. A hana su tashi, a rage shafuka. Maganin bairos guda ɗaya ya isa, biyu faɗa suke yi da juna. Manhajojin nan kuwa da ke alkawarin "ƙara ram", lalle ba mu yarda da su ba, don su ma gurbi suke ci a teburin da suka ce za su share.

In an sami ɗan abin hannu, sai a ƙara ram. Amma a buɗe akwati a duba irinsa, domin DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, tsagar kowanne dabam take. Har wa yau, Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko an cusa mata 8. Sa'an nan a sāke faifan juyawa da SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi a ciki. Ko ram bai ƙaru ba, ɗakin fayil ya dawo kusa da tebur ke nan. Tun da akwati yana buɗe, a hure ƙurar hunturu daga fanka, bayan an zare waya daga bango, gama na'ura in ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Wadda ta tsaya a gigabait 2, ba halin ƙari, mun fi so a sa mata Linux mara nauyi, kamar Lubuntu. Kyauta ne, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, sai an gyara kafin a buga. Ma'aikaci ya nemi izinin ofis tukuna. Ɗalibi kuwa ya kwafe kundinsa a filas biyu kafin ya fara, domin saka sabon tsari yana iya goge duk abin da ke kan faifai.