Bagaruwa da Ƙaro: Jawabi a kan Maganin Gyambon Baki



Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san abin da iyayenmu mata kan yi idan gyambo ya fito wa yaro a baki: a daka 'ya'yan bagaruwa, a shafa garin, ko a jiƙa a kurkure. Wannan ba camfi ba ne. Bagaruwa tana ɗauke da sinadarin tanin, wanda majema ke dogaro da shi wajen jima, shi ne kuwa yake tsuke miki.

To, ina matsalar take? Yawu. Bakin mutum yakan fitar da kimanin lita guda a yini, saboda haka kafin magani ya kama aiki an haɗiye shi. Masana suka ƙago wata 'yar filasta, ba ta kai ƙwandala faɗi ba, wadda ake manna wa gyambon. Tana kare shi daga gishiri da barkono, tana sakin magani sannu a hankali har ta narke. A 2008 aka buga sakamakon gwajin irinta a Amurka, da saiwar da Larabawa ke kira irƙus-sus, aka ga gyambo ya ragu.

Abin lura shi ne, manne da magani duka muna da su: ƙaro a jikin ɗakwara, tanin a bagaruwa. Abin da ya rage mana awo ne da gwaji. Nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa? Wannan aikin ɗaliban haɗa magunguna ne a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, sa'an nan hukumar NAFDAC ta tantance.

Amma mu san iyakar filasta. Gyambo na yau da kullum yakan warke cikin mako biyu. Wanda ya wuce mako 3 sai asibiti. Yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, dasashinsa ya kumbura yana wari, kada a tsaya shafe-shafe, domin cutar noma mai zaizaye fuska haka take farawa. Saboda ita aka buɗe asibiti a Sakkwato a 1999.

Mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, kada mu raina ilmin kakanninmu, kada kuma mu karɓe shi ido rufe. Mu auna shi.