Hawan Dutsen Nur da Asuba

Da wuya alhaji ya dawo daga Makka bai ji labarin Jabalun Nur ba, dutsen da Kogon Hira yake dab da ƙololuwarsa. A nan Mala'ika Jibrilu ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, da ayoyin farko na Suratul Alaƙ, cikin watan Ramadan, wajen shekara ta 610 miladiyya.

Tsayin dutsen ya haura mita 600, shi ya sa masu dabara ke kama hanya da an idar da sallar asuba, kafin rana ta buɗe. Za ka ga tsofaffi daga Turkiyya da Indunusiya suna dogara sanda, suna haki, su zauna kan matakala su sake miƙewa. Birai ma na nan, a yi hattara da ledar dabino. Kana isa sama gari ya waye, ga hasumiyar agogon Harami can nesa. Kogon kuwa ɗan ƙarami ne, mutane kaɗan sun cika shi, bakinsa kullum a cunkushe.

Dattawanmu ne damuwata. Malamai sun sha faɗa cewa hawan nan ba ya cikin ayyukan Hajji, amma sai ka ga hajiya mai hawan jini ta kafe sai ta hau, ana saura kwana biyu Arfa. Shugabannin tawaga, ku lallashe ta cikin ladabi ta adana ƙarfinta don Mina da jifa. Mai ƙoshin lafiya ya hau, ya riƙe ruwan sha, ya kuma sauko da robarsa.