Kwamfuta Mai Girman Tafin Hannu a Ɗakin Malamai

 

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya. Duk wanda ya koyar da ajin ƙarshe na sakandare a cikinmu ya san abin da hakan ya jawo. Yaro zai iya darasinsa tsaf, amma ranar jarrabawa ce hannunsa zai fara taɓa linzamin kwamfuta, lokaci na tafiya, shi kuwa yana lalube. Wannan ne dalilin da ya sa muka kawo muku maganar wata 'yar na'ura mai suna Raspberry Pi.

Wata gidauniya ce a birnin Kambirij na ƙasar Ingila ta fito da ita a 2012, da nufin yara su samu kwamfutar da za su taɓa ba tare da tsoron ɓata ta ba. Farashinta na farko dala 35 ne. Girmanta bai wuce katin banki da yawa ba, kuma tsirara take zuwa: babu allo, babu madannai, babu ko manhaja a cikinta. Bayaninmu zai tsaya kan samfuri na 4, wanda ya fito a 2019.

Aikin farko ba a kanta ake yin sa ba. Sai a nemi wata kwamfuta mai intanet, a sauke manhajar Raspberry Pi Imager, a rubuta babbar manhajar na'urar a kan ƙaramin katin memori irin na waya. Mai gigabait 32 ya wadatar a fara, amma a saye shi wurin wanda aka yarda da shi, domin katin jabu ya cika kasuwa. Kafin a fara rubutun, manhajar za ta ba da damar saka sunan na'ura, sunan mai amfani, kalmar sirri, da sunan waifai ɗin da za ta shiga. A nan muke roƙon a natsu. A da kowace na'ura tana zuwa da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da duniya ta sani, amma tun 2022 aka soke wannan, sai wadda mutum ya zaɓa da kansa. A zaɓi Najeriya a gurbin ƙasa, domin da shi na'urar ke sanin tashoshin waifai da doka ta yarda ta yi amfani da su. Haka kuma a kunna SSH, wato ƙofar da ake bi a sarrafa ta daga wata kwamfuta, domin a rufe take zuwa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin mutane a yankinmu. Na'urar tana buƙatar caja mai bakin USB-C da ke ba da bolt 5 da amfiya 3. Cajar waya mai araha za ta iya kunna ta, sai dai za ta riƙa jan ƙafa tana nuna gargaɗin ƙarancin wuta, mutum ya zaci na'urar ce ba ta da kyau. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne a ɗauke wuta tana cikin rubutu a kan katin. Sau da yawa katin kan lalace, aikin mako guda ya tafi. Saboda haka a jona ta da batir na sola ko inbata, a kashe ta ta hanyar umarnin kashewa kafin a zare waya, sannan a ajiye kwafin katin a aljihun tebur. Zafin Maris da Afrilu ma ba ya raga mata: idan ta kai wajen digiri 80 takan rage gudu da kanta, don haka a sa mata 'yar fanka.

Haɗa ta da sauran na'urori ya fi sauƙi idan aka fara da waya. A jona ta da rauta, a jira mintuna kaɗan, sannan daga wata kwamfutar a kira ta da sunan da aka raɗa mata, a ƙara .local a ƙarshe. Idan ba ta amsa ba, a duba shafin rautar a ga lambar adireshin da aka ba ta, kuma a ɗaure mata wannan lamba kada ta riƙa canjawa. Za ta iya watsa waifai da kanta, amma ƙarfinta ba zai ɗauki aji mai yara 70 ba. Rauta ce ta dace da wannan nauyi.

Ba lallai ne makaranta ta sayi data kowane wata ba. Da manhajar Kiwix ana iya ɗora Wikipedia ta Hausa da ta Turanci a cikinta, kowa ya karanta daga wayarsa ba tare da intanet ba, ko da yake ta Turanci mai hotuna ta kai gigabait 100, sai da babban kati. Manhajar Kolibri kuwa tana ɗauke da darussa da tambayoyin gwaji. Idan aka haɗa mata tsohon talabijin mai HDMI da madannai da linzami, yara sai su riƙa gwada hannu bi da bi.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu a matsayin ƙungiya. Mun sha ganin kayan da aka kawo makarantu suka ƙare a kulle cikin kabad, ko kuwa malamin da ya san kalmar sirri aka yi masa canjin wurin aiki, na'ura ta zama dutse. Shawararmu ita ce kowace makaranta ta horar da malamai biyu, a samu mace a ciki inda hali ya yi, a rubuta kalmar sirri a takarda a damƙa wa shugaban makaranta. Muna kuma roƙon shugabannin reshe su nemi a sa kula da na'urar cikin jadawalin malamin, a rage masa darasi daidai da lokacin da take ci. Wanda ke son a gwada tare da shi, ya zo da katin memori da caja a zama na gaba.